An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amsata Ga Masu Cewa Soyayya Ce Ta Kashe Moonlighting

Rubutun yau dogo ne, tun wuri nake faɗa. Mai sauri ya ajiye sai dare. Amma ku 'yan hostal da muka yi musun nan ranar Juma'a, ku kam dole ku karanta, don ban gama magana ba aka ɗauke wuta kowa ya kama gabansa.

Ga waɗanda ba su san zancen ba: mu 'yan mastas da ke nan Ibadan muna da wata 'yar al'ada. Duk daren Juma'a, in an gama fama da laburare da jiran sufabaiza a bakin ofis, mukan haɗu a ɗakin hutu, a aika Sabo a sayo tsire, a jona laftof da talabijin. Wata uku ke nan muna bin wani tsohon shirin Amurka mai dogon zango, Moonlighting, kashi uku kowane dare. Wani abokinmu Bayarabe da ke nazarin wasan kwaikwayo ne ya kawo faya-fayan. Da farko tsiya muka yi ta yi masa, wai ya kwaso mana abin da ya girme mu duka. Yanzu mu ne ke buga masa waya in ya makara.

Tashar ABC ce ta nuna shirin daga Maris 1985 zuwa Mayu 1989, zango 5. Maddie Hayes, wadda Cybill Shepherd ta fito a matsayinta, tsohuwar mai tallan kayan ƙawa ce da akantanta ya kwashe kuɗinta ya gudu. Cikin ɗan abin da ya rage mata akwai wani ofishin binciken sirri da ba ya kawo ko sisi. Ta zo rufe shi, sai ta tarar da David Addison, wato Bruce Willis tun kafin duniya ta san shi, mai surutu kamar an kunna rediyo. Ya lallaɓe ta suka ci gaba da aikin tare, ofishin ya koma Blue Moon. Ita mai tsari ce da kame kai, shi kuwa komai wasa ne. Kullum cikin faɗa suke, suna magana lokaci guda, ana buga ƙofa. Yaron goye ma ya san son juna suke, su kaɗai ne suka ƙi faɗa.

To ranar Juma'a muka iso kashin da ake ta magana a kai, na kusa da ƙarshe a zango na 3, wanda aka fara nunawa ranar 31 ga Maris 1987. Wani tsohon saurayin Maddie, Sam, ɗan sama jannati, mutumin kirki mai natsuwa, ya dawo ya ce aure yake so. David ya san yana sonta, ya kasa buɗe baki. Sam ya gane inda zuciyarta take, ya tattara kayansa ya tafi. Maddie da David suka yi faɗa mafi muni da suka taɓa yi, har da mari, daga nan kuma abin da aka shekara biyu ana ja ya faru. Ba sai na yi bayani ba. Kuma kafin Ustazun ɗakinmu ya shigo kwament: e, Malam, na sani, abin da suka aikata ba tarbiyyarmu ba ce, ba kuma koyi na ce a yi ba. Kai ma ka ga har gaba muka tura wurin. Maganata a kan abin da aka ce bayan an kashe talabijin ne.

Ana gamawa wani ɗan'uwanmu, ba zan kama suna ba, ya san kansa, ya miƙe yana tafi. Wai ka ga abin da yake faɗa mana kullum. Daga wannan daren shirin ya mutu, har Turawa suna da suna da suka sa wa abin, la'anar Moonlighting. Wai da zarar an furta, an amsa, an mallaki juna, shi ke nan daɗi ya ƙare. Sai ya juyo da maganar kanmu: shi ya sa shi ba ya gaggawar tura magabata, don soyayya a ja-in-ja take rayuwa, aure kuwa kabarinta ne. Samari suka ɗauki shewa. 'Yan matan da ke wurin, ciki har da wadda ya shekara biyu yana raka ta bakin hostal ɗin mata, ba wadda ta yi dariya. Na lura. Ban sani ba ko shi ya lura.

Ɗan'uwa, ni na riga ku kallon sauran har ƙarshe a hutun da ya wuce, na kuma bi tarihin yadda aka yi shirin. Wanda ba ya so a fasa masa ƙwai ya tsaya a nan. Abin da zan ce shi ne: wannan la'anar da kake jingina da ita, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Mu fara da abin da ya faru tun kafin daren. A lokacin, shiri irin wannan a Amurka kan fitar da kashi 22 a zango guda. Moonlighting bai taɓa cika wannan adadin ba ko sau ɗaya. Zango na 2 kashi 18 ne, na 3 kashi 15, na 4 kashi 14, na 5 kashi 13. Dalili? Rubutun yakan yi kusan ninki biyu na sauran shirye-shirye saboda saurin maganarsu, kuma mai shirin, Glenn Gordon Caron, yakan kawo shafuka a makare, wani lokaci ranar ɗauka. Ga kuma buri. Su ne suka yi kashi guda da rabinsa baƙi-da-fari ne, wanda Orson Welles ya gabatar kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a Oktoba 1985. Su ne suka juya wasan Shekspiya suka yi kashi guda da kayan zamanin da. Abin ya yi kyau, duk mun shaida, amma yana cin lokaci. Sai masu kallo su zauna daren Talata suna jiran sabo, a maimaita musu tsoho. Labarin Sam ɗin nan kashi huɗu ne kacal, amma daga farkon Fabrairu aka fara shi sai ƙarshen Maris aka gama. Mu a zama biyu muka shanye shi. Su sai da suka yi wata biyu. Tun kafin a taɓa hannun juna, an fara ƙure haƙurin mutane.

Sai abin da ya biyo baya, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kai ka ce sun zama masoya sai labari ya yi sanyi. Tambayata: yaushe suka zama masoyan? A kashin da ya biyo baya, Maddie cewa ta yi a ɗauka ba a yi komai ba. A kashin farko na zango na 4 ta hau jirgi ta tafi gidan iyayenta a Shikago. Fiye da rabin zangon nan ba sa gari ɗaya. Ita tana can kwance a ɗakin ƙuruciyarta tana tunani, shi yana nan yana gararamba, har gidan yari aka kai shi bisa kuskure aka cinye kashi biyu a kai. Shirin da duk jarinsa mutum biyu ne a ɗaki ɗaya suna cacar baki, aka raba su aka bar mu da waya da mafarki. Da ta tashi dawowa da ciki, sai ta auri wani bawan Allah, Walter Bishop, da ta haɗu da shi a jirgin ƙasa kwana kaɗan kafin nan. Auren bai je ko'ina ba aka warware shi. A kashin farko na zango na 5 cikin ya zube. Can gaba David ya koma neman 'yar'uwarta, matar aure.

Don Allah a cikin duk wannan, ina wurin da aka gwada nuna mana mutum biyu da suka amince da juna, suka tashi da safe suka tafi ofis tare, suka yi faɗa kan kuɗin haya da wanda zai tuƙa mota? Babu. Ba a taɓa gwadawa ba. To yaya za a ce abin da ba a gwada ba shi ne ya yi kisa? Kamar ɗalibin da bai shiga ɗakin jarrabawa ba ne ya fito yana cewa tambayoyin sun yi tsauri.

Me ya sa aka raba su? Dalilan a bayan kyamara suke. Cybill Shepherd na ɗauke da cikin tagwaye, ta haife su a Oktoba 1987, don haka aka ɗauki nata sassan daban. Bruce Willis ya karya ƙashin wuya a wasan zamiya kan ƙanƙara, sannan ya tafi ɗaukar fim ɗin Die Hard, wanda ya fito a Yuli 1988 ya mayar da shi babban tauraro, hankalinsa ya koma can. Ga rashin jituwa tsakanin taurarin biyu da mai shirin, abin da jaridun lokacin suka yi ta yayatawa, har shi Caron ya bar shirin a 1988. Ana cikin haka marubutan fim da talabijin na Amurka suka shiga yajin aiki daga Maris zuwa Agusta 1988, mako 22. Zango na 4 ya tsaya a Maris, na 5 bai fara ba sai Disamba. Mu da muka zauna gida wata 8 a yajin aikin malaman jami'a na 2022, wa zai koya mana abin da dogon hutun dole ke yi wa aji? Wasu sun dawo da aure, wasu sun kama kasuwa, wasu ba su dawo ba har yau. Haka masu kallo suke.

Alƙaluma ma ba su goyi bayanka ba. A zango na 3 shirin ne na 9 a jerin waɗanda aka fi kallo a Amurka. A zango na 4, bayan wannan daren da ka ce ya kashe shi, na 12 ne. Ya sauka, amma gawa ba ta zama ta 12. Mutane sun dawo suna jira a ba su ci gaban labarin. Sai da aka yi ta yawo da hankalinsu, aka ƙara da hutun wata takwas da wani abu, sannan ya faɗo warwas a zango na 5, daga baya aka ɗauke shi daga Talata zuwa Lahadi, aka rufe.

Akwai abin da ya fi ba ni haushi a musun ranar. Da abokinmu mai faya-fayan ya ambaci cikin Cybill Shepherd, sai wani ya ce a to, ka ji, mace ce ta ɓata komai. Haba jama'a. Jinkirin rubutu ya riga cikin. Namijin ma ya karye, ya kuma tafi neman babban fim, ba wanda ya ce ya ci amana, cewa aka yi ya ci gaba. Ita da ta haihu ita ce mai laifi. Wannan halin ba a Amurka ya tsaya ba. A ajinmu akwai matar aure da ta zo semina da tsohon ciki, ta riga yawancinmu miƙa babi na uku, amma ranar da aka ɗaga zaman rukuninsu saboda ta je awo, har yau ana ambata. Mu da muke ɗaga zama saboda kallon ƙwallo ba a taɓa rubuta mu a ko'ina ba.

Yanzu bari in ba ka haƙƙinka, don ban zo in yi maka rashin adalci ba. Gaskiya ne jan rai yana da daɗi. Satar kallo, saƙon da aka rubuta aka goge, kishin da ba a isa a nuna ba, duk suna sa zuciya bugawa, kuma in an amince wannan nau'in bugun yana raguwa. Gaskiya ne kuma rubuta labarin mutum biyu da ke tare ya fi wuya, don ba ka da tambayar nan mai sauƙi ta za su yi ko ba za su yi ba da za ka riƙa kaɗa wa mutane kowane mako. Shirin ma da kansa, a kashin ƙarshe, ya ɗauki irin ra'ayinka. Suna dawowa ofis suka tarar ana kwance kayan ɗaukar shiri, aka ce musu an soke su. Wani mai shirya fim ya nuna musu cewa mutane sun so su ne lokacin da suke hanyar faɗawa soyayya. Suka ruga coci a ɗaura musu aure ko shirin zai tsira, limamin cocin ya ƙi. Na yarda haka aka yi. Amma wanda ya kasa aiki shi ne ya rubuta wa kansa wannan uzurin. In ɗalibi ya rubuta a shafin godiya cewa maudu'in ne ba ya rubutuwa, kwamitin jarrabawa ba zai sa hannu don haka ba.

Abu mai wuya daban, abin da ba ya yiwuwa daban. Wasu sun yi. Bones, shi ma bincike ne da mace da namiji masu ja-in-ja: sun haɗu a ƙarshen zango na 6, suka yi aure, suka haihu, shirin ya kai zango 12, sai 2017 aka rufe. Castle: sun haɗu a ƙarshen zango na 4, ya kai zango 8. Kai, asalin irin wannan labarin ma da ma'aurata ya yi suna. Fim ɗin The Thin Man na 1934 miji da mata ne ke bincike suna tsokanar juna, aka yi fim shida da su har 1947. Hart to Hart, daga 1979 zuwa 1984, miji da mata ne tun kashin farko. Mu ma nan gida, marubutanmu mata irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun daɗe da nuna cewa labari mai nauyi yana bayan an kai amarya, ba a ƙofar gida wurin zance kaɗai yake ba. Finafinan da ke rufewa ranar biki ne suka saba mana da tunanin cewa daga nan sai rubutun sunaye.

To mu dawo hostal, don ba don Bruce Willis na hana kaina barci ba. Abin da ya kashe shirin nan shi nake gani a harabar makaranta kullum. Saurayi ya furta, yarinya ta amsa, daga nan sai ya tafi nasa Shikagon. Yau yana fil, gobe sufabaiza ya dawo masa da babi, jibi wayarsa ta lalace. In ta ce Baba fa ya fara tambaya, sai ya kawo falsafa: kada mu ɓata abin da muke da shi, ki bari abu ya tafi da kansa. Shekara ɗaya, biyu, uku. Duk wanda ya zo da maganar aure ta kore shi saboda kai. Ranar da ta gaji ta amsa wa wani Sam ɗin, ko ma wani Walter da ba ta sani ba don dai ta huta da gorin gida, sai ka hau Facebook kana rubuta cewa matan yanzu ba su da alƙawari. Malam, ba amincewarta ce ta kashe soyayyar ba. Maimaita mata tsohon kashi ka yi ta yi har ta canza tasha.

Na san abin da za a ce: kuɗi. Wallahi na sani. Yawancinmu ba mu da albashi, wasu da koyarwa a firamare mai zaman kanta suke biyan kuɗin makaranta, ga lefe, ga haya, ga buhun shinkafa da ya fi ƙarfin mai aiki ma balle ɗalibi. Wannan uzuri ne na gaske, ba na raina shi. Amma in shi ne, a faɗe shi da sunansa. Ka ce mata: ba ni da hali sai nan da shekara biyu, ga abin da nake yi a kai, in za ki iya jira in turo a san da ni a gida, in ba za ki iya ba na yafe miki, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Wannan magana ce ta mutunci, kuma iyaye da yawa sun fi karɓar ta fiye da yadda muke zato. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki tsoro a sa masa babbar riga a kira shi hikima, har a jawo shirin 1987 ya zama hujja. Lokacin da kake cewa daɗin a jira yake, ka tambayi wa ke biyan kuɗin jiran. Kai in ka kai 35 za a ce yanzu ka natsu. Ita in ta kai 30 ka san abin da 'yan unguwa za su ce, ko da ba daidai ba ne.

Kuma kada a ɗauka daga kan mumbari nake magana. Ni ma na yi. Tun muna digirin farko akwai wadda ta jira ni har na gama bautar ƙasa. Duk sanda ta ɗauko maganar sai in mayar da ita wasa, irin na David, in sa ta dariya a wuce wurin. Ina ganin wayo nake. Katin bikinta a waya na gan shi, wata ƙawarta ce ta turo. Ba ta yi mini laifin komai ba, Allah Ya ba su zaman lafiya. Shi ya sa ranar Juma'a, lokacin da Sam ya tsare David kan ko zai buɗe baki ya kasa, ku kuna dariya, ni tsiren ne ya ƙi wucewa.

Mu 'yan mastas ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ranar da aka amince da maudu'inka, daɗi kamar ka yi fiffike. Washegari aikin ke farawa: tattara bayanai, gyara kan gyara, babi na huɗu da ba ya ƙarewa. Duk mun san waɗanda suka tsaya a nan, shekara biyar suna cewa suna kan rubutu. Ba wanda ya taɓa cewa amincewa da maudu'in ce ta kashe musu digiri. Kowa ya san zama ne ba su yi ba.

Ɗan'uwa, ranar Juma'a mai zuwa za mu shiga zango na 4. Ka zo da biro da takarda, ka ƙirga mana minti nawa suka yi a ɗaki ɗaya. In ka gama, ka ƙirga wata nawa ke nan da ka ce wa baiwar Allah nan za ka yi magana da kawunka. In na yi ƙarya, filin kwament a buɗe yake, kuma tsiren makon a wuyana.

Allah Ya ba Bruce Willis sauƙin lalurar da iyalinsa suka sanar yana fama da ita. Mu kuma Allah Ya ba mu ikon cika abin da muka fara, na karatu da na zuciya. Amin.